Wasiƙar Babban Sakatare

Baffa Abdulghani, wanda kudancin Jidda ya fi sani da Maiturare, ya yanke maganar auren Amatullah ranar Litinin a cikin shagonsa. Yana awon almiski ya faɗe ta, ko kansa bai ɗago ba.

"Juma'a su zo su biyun. Daga Juma'a ba na ƙara sauraron kowa."

Amatullah tana tsaye a gaban kanta da jakar makaranta a kafaɗa. Shekararta talatin da ɗaya, malamar Turanci ce a wata makarantar 'ya'yan baƙi, kuma kwantiraginta zai ƙare a ƙarshen Yuni. Mahaifinta ya rasu a Funtua shekara shida da suka wuce. Baffa ƙaninsa ne, shi ne waliyyinta. Mahaifiyarta ta faɗa mata a waya, sau biyu, cewa abin da Baffa ya yanke shi ne.

"Baffa, ai ka san wanda nake so."

"Na san shi. Ɗan dangwale."

"Ya daina dangwala yatsa tun bara. Da hannunsa yake rubuta sunansa."

"Jikata Maha ma tana rubuta sunanta, shekararta biyar." Ya toshe kwalbar. "Ke Amatu, digiri biyu ne a kanki. Ga Injiniya Salim, ɗan garinmu, ɗan tsohon Babban Sakatare. Ki tsallake shi ki ɗauko mai tuƙa motar ɗaga kaya? Idan na mutu me zan ce wa yayana?"

"Ka ce masa ka ba ni mutumin kirki."

"Kirki ba ya karanta takardar asibiti. Gidan ilimi ba ya haɗa jini da jahilci, ni ban taɓa gani ba."

Hawaye ya taru a idonta. Ta jira ya koma, sannan ta yi sallama ta fita.

*

Othman, mai tuƙa motar ɗaga kayan, haifaffen unguwar Mahjar ne a nan Jidda. Kakansa ya zo aikin Hajji daga Damagaram da ƙafa, bai koma ba. Lokacin da Othman ya isa shiga makaranta takardun mahaifinsa sun mutu, lokacin da aka gyara iƙama, wato takardar izinin zama, kuma yana da shekara goma sha huɗu, yana dako a kasuwar kayan lambu. Bai karanta Larabci ba, bai karanta boko ba. Yana da talatin da huɗu sito ɗin da yake wa aiki a unguwar masana'antu ya raba wa direbobi 'yar na'ura mai nuna inda kowane kaya zai je, da Turanci. Aka ba su shekara guda su saba ko su nemi wani aikin.

Haka ya zo ajin Amatullah.

Ajin yana zama Talata da Asabar bayan La'asar, a falon wata dattijuwa, Khala Sauda, da ke unguwar Madain Fahd. Mata a gaba, maza a baya kusa da ƙofa, Khala Sauda a kan kujerarta da carbi tana gadin kowa. Ɗalibai goma sha ɗaya ne: masu shara, masu ɗinki, direbobi biyu, da wata mai abinci. Ƙaraminsu ya haura talatin. Babu littafi. Kowa yana zuwa da takardar da ta hana shi barci, kwalin magani ko saƙon makarantar yara ko tambarin jikin kwali, a kanta za a koya. A ɗora yatsa ƙarƙashin kalma, a rufe rabinta da babban yatsa, a fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya. Idan an gama layi, a faɗi ma'anarsa da Hausa.

Ƙa'idojin ajin uku ne. Ba a yi wa kowa dariya. Wanda ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa ya ce "ban san ta ba" da ƙarfi. Abin da aka gano game da mutum kuma ba ya fita daga baki.

Akwai wata al'ada da Amatullah ta kafa: duk sabon zuwa sai ya faɗi dabarar da ya yi shekaru yana ɓoye kansa da ita. Mai abinci ta ce ita hannunta kullum da mai. Wani direba ya ce shi "karanta min, ina tuƙi" ne, ko da motar a tsaye take. Da yawa sun ce tabarau. Na manta tabarau, sai hasken ɗakin ba kyau, idan an ƙure su sai tari. Othman ya ce shi bandeji yake ajiyewa a aljihu. Shekara goma sha ɗaya, duk ranar cike fom, hannunsa na dama yana ciwo.

Wata goma sha huɗu ya yi bai taɓa fashi ba. Bai rasa aikinsa ba. A wata na goma ya tura Khala Sauda ta tambayi malamar ko akwai wanda ya riga shi.

Ranar Talata, da aka tashi, Amatullah ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Baffa ya ce Juma'a. Kai da Salim."

"Tayyib, shi ke nan."

"Ba tayyib ba ne. So yake ya kore ka a gaban mutane. Idan ya miƙo maka wani abu ya ce ka karanta, ka ce ba jarrabawa ka zo ba."

"Ko in ɗaure hannu, ya Ustaza? Bandejin yana nan."

"Othman, ba wasa nake ba."

"Na sani." Hausarsa takan yi nauyi idan maganar ta yi nauyi. "Idan ya ce a'a, me za ki yi?"

"Ba zan yi aure ba da waliyyi ba. Ba kuma zan auri Salim ba. Zan koma Funtua a Yuni."

"Ajin fa?"

Khala Sauda ta ce daga kan kujera, "Yalla, an kusa kiran Magariba. Tsayuwar ƙofa ba ta taɓa aurar da kowa ba."

*

Ranar Juma'a aka shimfiɗa leda a majalisin Baffa, ɗakinsa na baƙi, aka kawo shinkafa da kifi a babban tire, da yaji a gefe. Ban da masu neman auren akwai tsofaffin abokan Baffa biyu, wani tela da wani mai sayar da carbi. Mazen, babban ɗan Baffa, wanda ke riƙe da duk takardun shago, ya ɗauki fasinja zuwa Madina tun asuba.

Amatullah tana bayan ƙofar da ta raba majalisin da cikin gida, ita da Manal 'yar Baffa.

"Injiniyan nan ya iya sa kaya," in ji Manal a hankali. "Naki kuma kamar an aiko shi gyaran famfo. Amma wallahi ya fi tsayi."

"Rufa min baki."

Salim ba mugu ba ne. Mutum ne da bai taɓa shiga ɗaki yana tsoron takarda ba. Bayan an wanke hannu ya ciro farin ambulan daga aljihu, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, saƙon mahaifina ne. Ka san shi, ko ta'aziyya da Turanci yake rubutawa. Ya ce ya ji labarin ka yi boko a Funtua tun zamanin da boko yake boko. Ya roƙi alfarma kai ka karanta da bakinka a gaban dattawa."

"Ai Maiturare ne malaminmu," in ji tela. "Duk takardar da ta gagare mu, shi muke kawo wa. Ya ce a bar masa, gobe sai ka ji bayani tiryan-tiryan."

Baffa ya buɗe ambulan. Ya shafa aljihun hagu, ya shafa na dama.

"Tabarau ɗina. Ina jin a shago na bar shi."

"Ga shi can a kan talabijin, Baba." Salim ya tashi ya ɗauko, ya goge da hankici, ya miƙa.

Baffa ya saka. Ya ɗaga takardar, ya nisanta ta, ya kusanto ta.

"Hasken ɗakin nan dai..."

Salim ya yaye labule. Ranar Jidda ta cika ɗakin.

Othman yana kallo. Tabarau, ya ce a ransa. Haske. Saura tari.

Baffa ya yi tari.

Idonsa yana tsakiyar takardar, ba ya tafiya hagu ba ya tafiya dama. Gumi ya tsatso a ƙasan hularsa duk da na'urar sanyi. Othman ya san wannan kallon, ya yi shi shekara goma sha ɗaya. Dattijon da ya kira shi ɗan dangwale bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Mazen ke karanta masa da dare, shi kuma ya haddace ya kawo wa abokansa da safe. Yau babu Mazen, babu goben da za a ce a bari sai ita.

Abin da Othman zai yi don ya samu Amatullah kawai shi ne ya yi shiru. Minti ɗaya ya isa. Duk hujjar Baffa za ta rushe a gaban abokansa, ba wanda zai ƙara maganar gidan ilimi.

Ya gyara zama.

"Ya ammi, baffana, da izininka. Ka ce wa Ustaza ban iya karatu ba. Ka jarraba ni da wannan."

Salim ya yi dariya. "Ɗan'uwa, wannan Turancin Babban Sakatare ne fa, ba bayan kwalin sabulu ba."

"Ma'alesh, ba komai. In na faɗi, kowa ya gani."

Baffa ya dube shi ta saman tabarau. Sannan ya miƙo takardar.

A bayan ƙofa Amatullah ta dafe bango. "Me yake yi? Na ce masa kada ya yarda."

"Ba a ce ya yi ba," in ji Manal. "Shi ya roƙa."

Layi tara ne wasiƙar. Ta ɗauke shi minti goma sha ɗaya.

Ya shimfiɗa ta a kan gwiwa, ya ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko, ya rufe rabinta da babban yatsa. Ya fitar da sautin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sauke kayan gilashi daga saman sito. Mai carbi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. A kalma ta biyar ya tsaya.

"Wannan ban san ta ba," ya ce da ƙarfi.

Salim ya faɗa masa, yana murmushi. Othman ya maimaita, ya wuce. Da ya kai ƙarshen layi ya ɗago, ya dubi Baffa, ya faɗi ma'anar da Hausa kamar yadda ake yi a aji.

"Yana gaishe ka, ya ammi. Ya ce yana fatan kai da iyali kuna lafiya."

Sau shida ya ce "ban san ta ba". A na huɗu Salim ya daina murmushi. A na shida ya faɗi kalmar a hankali, ya raba masa ita gida biyu.

Kalma ɗaya ce a duk wasiƙar bai ɗora wa yatsa ba. Sunanta ne. Ya karanta shi ya wuce, sannan ya ɗago.

"A nan yana cewa yana nema wa ɗansa, Injiniya Salim, auren 'yarka Amatullah. Ya ce ɗansa mai ladabi ne, mai ilimi, zai riƙe ta da mutunci." Ya dubi layin ƙarshe. "Ya ce yana jiran amsarka."

Ya ninke takardar ya mayar da hannu biyu.

"To," in ji tela, "da rarrafe yaro kan tashi. Sai dai wannan rarrafen, kafin a kai gida shayi ya huce."

Aka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Na ji. Zan ba da amsa."

Shayin da aka zuba masa yana nan har baƙin suka watse.

*

Bayan Magariba ta kira shi.

"Me ya sa ka yi min haka?"

"Ustaza..."

"Kada ka ce min Ustaza. Wata huɗu ina kare ka a gidan Baffa. Yau ka ɗauki wuƙa ka ba su. Ka karanta wasiƙar neman aurena ga wani, da bakinka, har da fassara. Mai carbi yana dariya, Manal tana kallona."

"Na yi kuskure a karatun?"

"Ba ka yi kuskure ba." Muryarta ta karye. "Ko ɗaya ba ka yi ba. Da a aji ne da na sa an tafa maka. Amma su ba abin da suka gani ke nan ba. Sun ga mutum yana rarrafe a kan layi tara. Wa ya aike ka? Baffa zai karanta abarsa, a tashi."

Ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Ka faɗa min dalili, Othman. Ko ɗaya ne."

"Na ga dama ne kawai."

"Ka ga dama."

"Na'am."

"To ka ga damar tura ni Funtua. Na fara haɗa kaya."

Ta kashe wayar. Ta yi kuka kusan rabin awa, sannan ta wanke fuska ta zauna ta shirya darasin gobe, domin mai abinci ta ce za ta zo da takardar allurar jikanta.

*

Asabar, saura minti ashirin a fara aji, Othman yana jera kujeru a falon Khala Sauda sai ƙamshin almiski ya riga mai shi shigowa. Baffa ne a bakin ƙofa. Bai taɓa taka gidan ba.

"Fito."

Suka tsaya a kan matakala.

"A ina ka gane?"

"A tabarau na yi zato, ya ammi. A tari na tabbata."

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu."

"Ita fa?"

"Ita ma. Tun jiya ba ta min magana."

Baffa ya jingina da bango.

"Da ka yi shiru jiya, da ka gama da ni. Ka san haka?"

"Na sani."

"To me ya hana ka?"

"Na san yadda wurin yake. Na daɗe a tsaye a cikinsa."

"Shekara arba'in da huɗu a garin nan," in ji Baffa. "Na zo da buhu ɗaya. Hancina ya san turare ɗari uku, kaina ya riƙe lissafin shago biyu. Aji ɗaya na yi a Funtua aka cire ni kiwo, yayana aka bari. Na ce wa mutane aji bakwai. Mazen kaɗai ya sani, sai mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta." Ya goge fuska da gefen rawani. "Na ɗauka idan na haɗa gidana da masu takardu, shi ke nan na rufe ramin."

Takun ƙafa ya taso daga ƙasa. Amatullah ce da jakarta. Ta ga su biyun ta tsaya cak.

"Baffa, lafiya?"

"Lafiya. Wuce ciki."

Ya bi ta har falon. Ɗalibai huɗu sun riga sun zauna, Khala Sauda tana kan kujerarta. Baffa ya dubi farin allo, ya dubi kwalayen magani da aka jera a kan tebur.

"An ce wanda ya zo sabo sai ya faɗi dabararsa."

Amatullah ta dubi Othman. Othman yana kallon ƙasa.

"Tawa tabarau ce," in ji Baffa. "Sai haske. Sai tari."

Ba wanda ya yi dariya. Mai abinci ta ce, "Ahlan, Alhaji. Ai mu da yawa ne."

Jakar ta zame daga kafaɗar Amatullah ta faɗi. Shekara biyu tana cin abinci a gidansa duk Juma'a, ita da ke gane ɗalibi daga yadda ya riƙe takarda, ba ta taɓa gani ba. Ta juya ga Othman, idonta ya ciko.

"Kuka daga baya," in ji Baffa. "Tambaya ce da ni. Waliyyi yana sa hannu a takardar ɗaurin aure. Ni wani abu nake zanawa mai kama da kunama, na koya a jikin kwali. Wannan karon sunana nake so in rubuta. Kwana nawa zai ɗauke ni?"

"Sunanka yana da tsawo, Baffa." Ta share ido da bayan hannu. "Sati uku, in ba ka fashi."

"Kafin Yuni ke nan."

"Kafin Yuni." Ta ɗauki jakarta daga ƙasa. "Takardar auren wa za ka sa wa hannu?"

"Ke dai kina son magana. Babban Sakatare yana jiran amsa, kuma ba mai daɗi ba ce, sai an zaɓi kalmomi. Wannan ke za ki rubuta. Gobe mahaifiyarki za ta ji daga bakina, duk abin da za ta ce ni zan ɗauka." Ya ja kujera daga layin baya, kusa da ƙofa, ya zauna a gefen Othman. "Surukina, ara min fensir."

Othman ya ciro nasa daga aljihu, ya fere bakin, ya miƙa da hannu biyu. Baffa ya damƙe shi kamar muciya.

"Ba haka ba, ya ammi," in ji Othman. "Sassauta. Ba zai gudu ba."